Zinaren Da Ya Tsage A Hannun Ilango

Ranar da Thenmozhi ta fara shiga shagon Ilango ba sayayya ta kai ta ba, ruwan sama ne ya koro ta. Ta tsaya bakin ƙofa tana matse gefen sarinta, dogon zanen nan na matan Indiya, mai shagon da kansa ya taso ya miƙa mata kofi mai zafi.

"Ni fa ba na sayen komai," ta ce.

"To ni na ce miki kofin na sayarwa ne?"

Ta yi dariya. Shi ke nan, bawan Allah ya faɗa, kuma bai ƙara tashi ba.

Mu nan Madurai, a kudancin Indiya, babu wanda bai san Ilango ba. Ɗan Murugesan ne, tsohon maƙerin zinaren da ya ƙare ƙuruciyarsa zaune a ƙasa yana hura gawayi. Ilango ya faro da tallan 'yan kunne gida-gida, har ya kai ga shaguna daga nan zuwa Dubai. Jarinsa ɗaya ne, ba ya algus. Mata kan ce zinaren Ilango ko a duhu ka saya.

Thenmozhi likitar haƙori ce. Tsakanin maras lafiya da maras lafiya saƙonsa ke shigowa, da sunan shagwaɓar da ya sa mata: "Kannamma, yau na auna sarƙoƙi da yawa, duk hankalina ba ya kan sikeli."

Ita kuma ta mayar: "Sarkin awo, ka kula kar ka cuci mutane saboda ni."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen mahaifinta, Periyasamy mai gonakin ayaba, ko ɗaga kai bai yi daga jarida ba.

"Appa, mutumin kirki ne. Da guminsa ya gina komai."

"Ko titi ya shimfiɗa da zinare, ɗan mai hura wuta ne. Kakansa a tsakar gida muke ba shi ruwa, ba ya taka mana ɗaki. Ki zaɓa, ko shi ko uwarki da ke kwance ba lafiya."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kafin damina ta fita an duba taurari, an tsayar mata da Vetrivel, ɗan mai masaƙa.

Periyasamy bai tsaya nan ba, don mugunta ma gwaninta ce. Kafin kowane biki a gidan ango ake narka zinaren tali, abin wuyan da ango zai ɗaura wa amarya. In ya fito lafiya, aure ya yi albarka. In ya tsage, babu kakar da za ta bari a ɗaura shi. Sai ya ba dangin ango shawara su gayyato Ilango da kansa ya narka, wai don fita kunya. Nufinsa yaron ya zauna a ƙasa gaban manyan gari ya tuna asalinsa.

Ilango ya amsa zai zo.

Saƙon Thenmozhi ya iso masa yana ofis: "Ashe har aurena ma ciniki ne a wurinka? Allah ya ba da kasuwa."

Ya karanta, ya kife wayar.

Da safen ranar, tsohonsa ya gan shi yana ɓantarar ɗan ƙanƙanin darma yana cusawa ƙarƙashin farce. Maƙeri ya san abin da darma ke yi wa zinare.

"Ɗana, sunanka za ka jefa a wutar nan."

"Na sani, Appa."

"Kuma ba lalle su ba ka ita ba."

"Shi ma na sani."

Falon ya cika da attajirai da matansu. Ilango ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya hura wuta. Ya faki ido ya sakar wa zinaren darmar, ya narke, ya dunƙule, ya huce. Ya ɗaga 'yar guduma ya buga sau ɗaya, sai ga shi ya dare gida biyu.

Kakar ango ta dafe ƙirji. "Wayyo! Yarinyar nan ba za ta shigo gidan nan ba!"

Vetrivel kuwa ya miƙe yana nuna shi da yatsa. "Ko dai zinarenka ne na algus?"

Ilango ya shiga tattara kayan aikinsa. Ya san in ya kare kansa, wani maƙerin za a kira a sake narkawa.

Aure ya watse, sunansa ma ya bi shi. Magana ta zaga gari kamar wutar daji. Matan da suka yi shekaru suna alfahari da awarwaronsa suka yi layi suna mayarwa. Shagunan Dubai suka fara rufewa, na gida suka biyo baya, har babban nan da ruwa ya koro Thenmozhi ciki aka sauke allonsa aka kafa na wani. Ita ma ba ta tsira ba, gari ya sa mata suna mai farar ƙafa, manema suka ɗauke ƙafa.

Sai da tsoho Murugesan ya je asibitinta da ciwon haƙorin ƙarya ta ji gaskiya. Nan take ta rubuta wa Ilango: "Kai ka yi?"

"Ni na yi, Kannamma."

"Ka kashe kanka saboda wadda ta zage ka."

"Zagin ya fi sauƙi a kan in ƙera wa wani talinki."

Shekara ta zagayo babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar Periyasamy. Matarsa ce daga kan gado ta ce masa, "Ka ba da ita ga wanda ya ƙona arzikinsa dominta, kafin in mutu." Ya yarda, ba don zuciyarsa ta yi laushi ba, don babu yadda zai yi.

Biki ƙarami aka yi a wani ɗan wurin ibada, babu attajiri ko ɗaya. Da Ilango ya sunkuya yana ɗaura mata talin, ta raɗa masa, "Faɗa mini gaskiya, ka yi nadama?"

"Kullum da safe, in na wuce ta gaban shagon da ba nawa ba," ya ce. "Amma daga yau, da yamma ina da inda zan koma."

Hawaye suka zubo mata. Tsoho Murugesan ya watsa musu shinkafa mai kurkur, yana sa musu albarka.

"Ubangiji ya haɗa kanku, 'ya'yana. Abin da wuta ta ci, ya mayar muku da zaman lafiya."