Tara da Nema

Ranar da Badamasi ya fara ganin Habsatou, zaginsa take yi.

Asabar ce, a wani filin ƙwallo na haya da ke bayan titin Liuhua Lu. Hadari ya tsaya a kan gari ya ƙi zubowa, ga zafi mai manne riga da baya. Badamasi ɗan Gwammaja ne a Kano, yana karatun gashin ƙashi a wata jami'a ta Guangzhou, ranakun hutu kuma yana yin alƙalancin wasa a gasar makarantun sakandare na 'ya'yan baƙi. Ya busa fanareti ke nan sai ya ji murya daga bakin fili, da Hausa tsantsa:

"Wannan alƙali ko makaho ne, ko an saye shi!"

Ya waiwaya. Doguwa ce, fara, da mayafi ruwan zuma, ta riƙe ƙugu. Da aka tashi ya nufe ta.

"Ba a saye ni ba, Hajiya. Makantar dai ban musa ba, don tun da na waiwayo ban ƙara ganin komai daidai ba."

Ta toshe baki da mayafi. "Wayyo Allah! Pardon, Malam, na zaci ɗan Kenya ne."

'Yar Maraɗi ce. Mahaifinta, Alhaji Barmo, yana sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana aikawa gida, ita ke taya shi ciniki da 'yan China. Ƙanenta Issa shi ne golan da aka ci da fanaretin nan, yaro siriri ɗan shekara goma sha biyar, mai zuciya fiye da jikinsa.

Tun daga ranar waya ba ta huta ba.

"Alƙalina, yau wani lawban, mai shago, ya ce mini meyo, wato babu lambata a takalmin da nake so. Ka ba shi jan kati."

"'Yar Maraɗi, na ba shi. Ke kuma katinki gargaɗi ne, kin wuni ba ki nemi ɗan Kenya ba."

Wani lokaci yakan bi ta shago su ci shinkafa a roba ɗaya tsakanin kwalaye, tana koya masa Faransanci yana kwaɓawa. Sun fara zancen turo manya. Sai maganar gasa ta taso.

A da makarantu takwas ne ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. A bana wani ɗan kasuwa mai suna Tankari, abokin hulɗar Alhaji Barmo, ya ɗauki nauyin gasar, ya ce a mayar da su goma sha shida, kowa ya samu shiga, sunan kamfaninsa kuma ya bayyana a kowace riga. Tankari ya daɗe yana son Habsatou, kowa a kasuwa ya sani.

A taron kwamiti Badamasi ne kaɗai ya ɗaga hannu.

"Ta ɗaya za ta haɗu da ta goma sha shida," ya ce. "Ta ɗayan nan yaranta kullum a atisaye suke, wasu sun fi ni faɗin ƙirji. Ta ƙarshen ko 'yan canji ba su cika ba. Wannan ba wasa ba ne, haɗa kura da ɗan akuya ne. Akwai wanda zai ji ciwo."

Aka yi masa dariya, aka kaɗa ƙuri'a, aka wuce. Makaranta ta goma sha shidan kuwa ita ce ta su Issa.

Kafin la'asar maganar ta isa Zhanxi Lu, a bakin Tankari, ta sake kama. Da Badamasi ya je gaisuwa, Alhaji Barmo bai ce masa zauna ba.

"Kai ne mai kiran ɗana ɗan akuya?"

"Baba, ba haka nake nufi ba. Tsoro nake ji masa."

"Bon. Tsoro. Ni na bar Maraɗi da jaka guda, ban san kalma ɗaya ta mutanen nan ba. Da na ji tsoro da ba ka same ni a nan ba. Yaro ya samu damar da bai taɓa samu ba, kai kana son a rufe masa ƙofa? Wanda ya raina ɗana ba zai ɗauki ɗiyata ba. Kada in ƙara ganin ka a nan."

Habsatou na bayan kwalaye tana ji. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Issa ya kwana da rigarsa don murna. Da gaske kai ka ce kada su shiga?"

"Da gaske ne, Habsa. Ki bari in yi miki bayani."

"Ka faɗa a gaban mutane, ni ba ka faɗa mini ba."

Daga nan shiru. Ya aika, ya sake aikawa, yana ganin alamar an karanta. Sai labari yake ji daga 'yan gida cewa motar Tankari ta koma kwana a ƙofar shagon, har an fara maganar goro.

Jadawalin alƙalai ya fito. Shi aka ba wasan su Issa.

Ranar wasa an yi gargaɗin guguwa na tafe daga teku. Iska ta ɗauke ɗif, tutocin Tankari sun rataya kamar wanki. Da yaran suka jeru Badamasi ya dubi ɓangaren nan ya dubi wancan. Alhaji Barmo ya zo da babbar riga, Tankari a gefensa. Habsatou ta zauna can nesa, ba ta dube shi ba.

Kafin hutun rabin lokaci an ci shida. Manyan yaran ba su sassauta ba, an ce akwai kyautar wanda ya fi zura ƙwallo, kowa neman rabonsa yake. Issa yana faɗuwa yana tashi, gwiwarsa ta goge, safar hannunsa ta yage. 'Yan kallo sun daina tafi. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙwallo a raga da numfashin yara.

Bayan an ci ta tara aka cillo wata ƙwallo ta sama. Issa ya fito ya yi tsalle, wani ƙaton ɗan gaba ya taho a guje. Gwiwa ta haɗu da kai.

Ƙarar ta isa har bakin fili.

Issa ya ɗan kwanta, sai ya miƙe yana murmushi. "Lafiya lau, Yaya Badamasi. A ci gaba."

Badamasi ya riƙe fuskarsa. "Wace rana ce yau?"

Yaron ya tsaya yana duban gefen kunnen alƙali maimakon idonsa.

"Tashi, Issa!" Alhaji Barmo ya ɗaga murya. "Namiji ne kai!"

Ba su da wani gola, kuma yaron ya rungume turken raga ya ce ba zai fita ba. Badamasi ya san abin da zai biyo baya. Ya san in ya busa, ya tabbatar da duk abin da aka faɗa a kansa. Ya hango mayafin nan a nesa. Ya sa usur a baki ya busa mai tsawo, ya ɗauke ƙwallo. An tashi.

Fili ya ruɗe. Tankari yana ihu cewa saura lokaci, alƙali ba shi da wannan iko. Alhaji Barmo ya shigo har tsakiya.

"Ka cika burinka. Ka kunyata shi a gaban duniya. Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Baba, ku zage ni daga baya. Ku kai shi asibiti yanzu."

"Ba inda za shi!"

Sai ga Habsatou ta ratso mutane. Ta kama hannun ƙanenta, ta dubi idonsa, ta juya ga Badamasi.

"Tare mana tasi."

Ruwa ya ɓarke suna hanya. A cikin mota Issa ya fara amai, ya kira yayarsa da sunan mahaifiyarsu da ke Maraɗi. Habsatou ta ɗora kansa a cinya tana salati, Badamasi yana yi masa magana ba tsayawa don kada barci ya ɗauke shi.

Likitoci suka ce ƙashin kai ya tsage, jini ya fara taruwa. Aka shige da shi ɗakin tiyata. Alhaji Barmo ya iso a jiƙe sharkaf, ba hula, ya zauna a ƙasa bakin ƙofa. Guguwa tana jijjiga tagogi.

Issa ya tsira da ransa. Ya daɗe a gado, likita kuma ya ce shi da raga sai dai kallo.

Kwamiti bai fasa komai ba. Sun dakatar da Badamasi saboda tsayar da wasa, sun bar gasar a goma sha shida. Tankari ya aiko da kwandon 'ya'yan itace asibiti, tare da tuni kan maganar goro. Alhaji Barmo ya karɓi kwandon, ya ce a gaya masa an gode.

Saƙon Habsatou ya zo da hantsi.

"Alƙalina, na yi maka laifi. Ka yafe wa 'yar Maraɗi?"

"Ban taɓa riƙe ki ba, Habsa. Yaya jikin Issa?"

"Ya ci tuwo. Baba na neman ka."

Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallaci, mutane na neman takalmansu, Alhaji Barmo ya kama hannun Badamasi ya tsaya a tsakiyar 'yan kasuwa.

"Jama'a, a gabanku na yi wa yaron nan Allah ya isa. A gabanku na janye." Ya dubi Badamasi. "In yana da manya, su zo."

Kawun Badamasi, Al-Amin, wanda ke zuwa sarin yadi, shi ya karɓi aure a madadin dangin Kano. Aka ɗaura a masallacin nan, 'yan Nijar da 'yan Najeriya kafaɗa da kafaɗa, ana raba dabino da alawa. Iyaye mata a Gwammaja da Maraɗi suna kallo ta waya, guɗa na fitowa a tsinke. Issa ya zo da tabon ɗinki a ƙarƙashin hula, shi ya riƙa zagayawa da tiren goro.

Da aka kai amarya, Alhaji Barmo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Habsatou ta durƙusa tana kuka, ya dafa kanta.

"Ki bi mijinki. Mutum ne da ba ya tsoron fushina in dai a kan lafiyarku ne." Ya juya ga Badamasi. "Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya ba ku masu jin ƙanku."

Suka amsa tare, muryarta a cikin tasa: "Amin, Baba."