Abin da Kwamfutar Ta Ji

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe goma na safe wata mata ta shigo wani caji ofis a Jimeta, taɓo har gefen zanenta. Insifekta Mu'tasim yana tsaye a kantar ofishin yana duba littafin rahoto. Shekara ashirin da takwas yana wannan aiki, ya saba da masu shigowa da ihu. Ita wannan shiru ta shigo. Ta ɗora wani ɗanyen kan masara a gabansa, wanda ko gemu bai gama fitarwa ba.

"Yallaɓai, ga abin da ya rage min."

Sunanta Madam Edna, malamar firamare mai ritaya. Mijinta Hosea ya rasu bara, ya bar mata gona a Damare, da ita take ci. Yau da sassafe ta je ta tarar da ƙarti shida suna sare masarar, tifa tana sauke bulo.

"Sun ce wai mijina ya sayar tun yana raye. Har takarda suka nuna min."

"Ke ina taki takardar?"

"An sace ta."

Dattijon da ya rako ta ya matso. Farin gashi gare shi, hannuwansa suna rawa kamar mai jin sanyi. Ya ce shi ne Baba Apollos, tsohon akawu, mai shagon buga takardu da fotokofi a Luggere, kuma aminin marigayi.

"A shagona abin ya faru, Insifekta, shi ne ke ƙona min rai. Ran Litinin ta kawo takardar a yi mata sikanin, wato a ɗauki hotonta a kwamfuta, a rufe ta da leda. An yi sikanin, sai aka ɗauke wuta. Solar ɗinmu kwamfuta kawai yake ɗauka, injin leda sai an kawo wuta. Ta bar ta a durowa. Ran Laraba muka nema, babu."

"Wa ke da makullin durowar?"

"Ni da yarinyar da ke min aiki, Keturah." Ya sunkuyar da kai. "Shekara tara tana hannuna. Ba na so in ce komai a kanta."

Insifekta ya dube shi. Ai ya riga ya faɗa. Ya aiki Kofur Albert ya zo da ita, shi kuma ya ɗauki mota ya haye gada.

A Damare rabin gonar ya riga ya kwanta. Wani mutum mai faɗin kafaɗa yana zaune a inuwar tifa yana shan lemo. Ɗanburam sunansa, dillalin filaye.

"Oga, sannu da zuwa. Wallahi babu wata rigima. Shekara biyu ke nan da Malam Hosea ya sayar min."

"Shekara biyu, sai yau ka tuna da gonar?"

"Mutunci na yi, na bar matar ta gama makoki."

Ya zaro takarda daga aljihu. Yarjejeniyar ciniki ce da Turanci, fara fes, ko lanƙwasa ba ta sha ba. Insifekta ya ɗaga ta a rana. A ƙasa ga sa hannun Hosea, amma wani siririn layi ya ratsa shi daga hagu zuwa dama, ya tsaya daidai inda sa hannun ya ƙare.

Ya kira Madam Edna a waya.

"Takardarki, a ninke take?"

"Ninki huɗu, Yallaɓai. A cikin Littafi Mai Tsarki ya ajiye ta shekara talatin. Ninkin ma ya bi ta kan sa hannunsa."

Insifekta ya sa takardar a fayil, ya ce wa ƙartin duk wanda ya sake ɗaga adda zai kwana a bayan kanta. Ɗanburam ya ajiye lemonsa bai shanye ba.

Keturah mace ce mai shekara talatin da wani abu, siririya, da tabarau. Tana zaune a benci, hannuwanta a cinya.

"Wa ke aiki da kwamfutar shagon?"

"Ni ce, Sa."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Kin taɓa fita kin bar shagon a satin nan?"

"A'a, Sa. Kullum ina nan daga takwas zuwa shida."

Ta faɗe shi sumul, kamar ɗalibar da ta yi hadda. Insifekta bai ji daɗin sumul ɗin ba, amma ba shi da abin da zai riƙe. A ofis ta kwana.

Ran Asabar da safe ya kai ta shagon. Baba Apollos ya aiko da makulli, ya ce jininsa ya hau. Ɗaki ne ɗaya, da injin fotokofi, da wata tsohuwar tafireta an lulluɓe ta da tawul, da kwamfuta a kan tebur.

"Ina sikanin ɗin takardar?"

Ta duba. "An goge, Sa. Har kwandon sharar an zubar."

"Ta yaya ake ɗauke sa hannun mutum daga wata takarda a kai wata?"

"Sati biyu da suka wuce na sa wa kwamfutar sabuwar babbar manhaja, wadda ke tuƙa ta gaba ɗaya. Ta zo da kayan aikinta a ciki. Akwai na yanka hoto. Ka danna madannai uku, ka ja linzamin kwamfuta a kan inda kake so, shi ke nan ka yanko."

"Yana barin sawu?"

"Duk abin da aka yanka tana ajiye shi da kanta a wata folda. Mutane da yawa ba su sani ba."

"Buɗe."

Ta buɗe. Hotunan fasfo na 'yan makaranta, tambarin wata ƙungiyar mata. Sai na ƙarshe: sa hannun Hosea shi kaɗai, da layin ninki a tsakiyarsa. A ƙarƙashinsa an rubuta Talata, ɗaya da minti arba'in na rana.

Keturah ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Kin ce ke kaɗai ke taɓa ta, kin ce kina nan ranar. Kin san abin da kika ɗora wa kanki?"

Insifekta ya bar ta da Kofur Albert ya fito. Abu ɗaya ya tsaya masa: ɓarawo ba ya kai ɗan sanda inda ya ɓoye kaya da ƙafarsa.

A ƙofar shagon da ke kusa wata mata tana tuƙa tuwo. Na'inna mai abinci, kowa a layin ya san ta.

"Adda Na'inna, sannu da aiki. Ran Talata da rana kin ga Keturah?"

"Talata? Ai tun sha ɗaya ta hau keke napep da mamanta, suka yi Yola, asibiti. Tsohuwar ƙafa ke damunta. Sai bayan la'asar ta dawo."

"Shagon a rufe yake?"

"Ƙofa ɗaya a rufe, ɗaya a sakaye. Baba na ciki, ina jin shi yana ta Turanci shi kaɗai. Na ɗauka waya yake yi. Wata 'yar kwaleji ma ta zo fotokofi ya kore ta."

Insifekta ya koma ciki, ya ja kujera ya zauna gaban Keturah.

"Yaya ƙafar Mama?"

Nan take hawaye suka zubo mata.

"Wa ya ce ki yi min ƙarya?"

"Baba ne. Jiya kafin Kofur ya iso ya kira ni. Ya ce in na ce na bar shago za a ce sakacinmu ne, a rufe mana wuri. Ya ce in tsaya a kan ina nan, shi zai zo ya yi belina da yamma." Ta share fuska. "Na jira shi, Sa."

"Hannunsa na rawa. Zai iya buga shafi guda?"

"Shekara huɗu rabonsa da bugawa. Kullum sai ya zauna yana kallon tafiretarsa. Da na ga sabuwar manhajar tana rubuta abin da mutum ya faɗa da baki, sai na koya masa. Ya yi murna kamar yaro. Ranar ya rubuta wa ɗansa wasiƙa mai shafi uku. Yankan hoto ma ni na nuna masa, don fasfo."

"In ya rubuta abu ya goge, ya tafi ke nan?"

Ta juya ga allon. "Akwai inda take adana tsoffin kwafi, duk bayan 'yan mintuna. Ni na kunna shi saboda ɗauke wuta. Ban gaya masa ba, ban ga amfanin gaya masa ba."

"Kada ki buɗe tukuna. Kofur, je ka ce wa Baba ya zo ya karɓi makullinsa. Ka biya ka ɗauko Madam Edna."

Sha biyu ta wuce lokacin da suka iso. Baba Apollos ya shigo yana dogara sanda, ya dubi Keturah ya girgiza kai.

"'Yata, ki faɗi gaskiya kawai. Zan roƙa miki sassauci."

"Zauna, Baba," in ji Insifekta. "Ran Talata da rana kana ina?"

"Taron dattawan coci."

"Ka iya aiki da wannan?"

"Ni mutumin tafireta ne. Ko kunna ta ban sani ba."

Insifekta ya yi wa Keturah alama. Ta danna, jerin kwafi suka fito, duk na Talata. Ta buɗe na ƙarshe, sai ga yarjejeniyar Ɗanburam kalma da kalma, har da sa hannun. Ta koma na farko. Shi ma ita ce, sai dai an rubuta Damare ba daidai ba, yadda injin ya ji shi, kuma a tsakiyar sakin layi na biyu wata magana ta faɗo wadda ba ta da alaƙa da ciniki.

Insifekta ya karanta ta da Turanci yadda take, sannan ya juya ta da Hausa a hankali, don kowa ya ji.

"'Ki dawo gobe. 'Yata ba ta nan, ta kai mamanta asibiti. Ja min ƙofar.'" Ya ɗago. "Ka manta kwamfutar tana saurare lokacin da 'yar kwalejin ta leƙo. Ka goge layin daga baya, amma ta riga ta ajiye. Mutum nawa ne ke ce wa Keturah 'yata a shagon nan?"

Sandar ta zame daga hannun Baba Apollos. Babu wanda ya ɗauko masa.

"Apollos," Madam Edna ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Kai ka ɗauki akwatin gawarsa."

"Na ɗauka." Ya ɗago kai, fuskarsa ta canza, duk laushin nan ya tafi. "Kin san wa ya fara ganin gonar nan? Ni. Ni na taka ta da ƙafata, ni na yi magana da mai ita. Na gaya wa Hosea don abokina ne, na ce in an biya albashi zan je. Kafin wata ya ƙare ya zagaya ta bayana ya saye. Ya zo yana min dariya, wai ai duk ɗaya ne. Shekara talatin ina cin masarar da yake aiko min a buhu, ina cewa na gode."

"Shi ya sa ka haɗa kai da Ɗanburam?"

"Ya daɗe yana son wurin. Ya ce in na samo takarda, rabi nawa. Ran Litinin sai ga ta a durowata."

"Ina ta asalin?"

"Na ƙone ta."

Keturah ta yi saurin ce wa Madam Edna, "Sikanin ɗin yana cikin tsoffin kwafin, Ma. Yana nan."

"Masarata ma tana ciki?" in ji Madam Edna.

Insifekta ya juya kan dattijon. "Hosea ya yi maka laifi, mun ji. Ita wannan fa, da ka bari ta kwana a kan siminti?"

Baba Apollos bai dubi Keturah ba. "Yarinya ce. Da ta yi wata shida ta fito, ta ci gaba da rayuwarta. Ni a shekaruna ba zan iya ba."

Ya faɗe shi ne kamar mai bayanin farashin fotokofi. Insifekta ya ga masu kisa, ya ga 'yan fashi, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ce wa Kofur Albert ya kira ofis a je a ɗauko Ɗanburam, sannan ya sa wa tsohon ankwa. Hannuwan suna ta rawa har sai da Kofur ya riƙe su kafin ƙarfen ya kama.

Kafin a fito da shi mutanen layin sun cika ƙofa. Na'inna ta bar tuwonta a wuta. Aka sa Baba Apollos a bayan mota, aka zare wayoyin kwamfutar aka ɗora ta a gefensa, don ita ce shaida a kotu.

Keturah ta fito ta tsaya a rana, rigar jiya a jikinta.

"Kina iya tafiya gida," Insifekta ya ce. "Babu komai a kanki."

"Sa, jiya da rana tsaka aka wuce da ni ta layin nan, kowa yana kallo. An gaya wa mamata a kan gadonta cewa 'yarta ɓarauniya ce." Ta dubi shagon da babu kowa a ciki. "Ran Litinin ina zan je aiki?"

Insifekta ya shiga mota, ya ce wa Kofur ya ja.