Ya Ari Mutuwar Uwata

"Uwata ka ɗauka, Mutawakkil! Uwata!"

"Ki rage murya, Naja'atu, akwai mutane waje..."

"Su ji! Mi kac ce ma mutanen Legas?"

Ya kasa kallona. Ya juya bayan kantar kemis ɗinsa yana ta jera kwalaben maganin tari waɗanda tun farko a jere suke. Ni kuwa har mayafina ya zame ban sani ba.

Mutawakkil ɗan Inna Batula ne, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta ɗauke ni tun ranar da aka rufe mahaifiyar tawa ina yarinya. Gida ɗaya muka tashi a ƙauyenmu da ke gefen Kebbe. Ina ce masa Yaya har bakina ya fara jin nauyin kalmar, na koma ce masa Nawa. An sa ranarmu bayan kaka. Babu wanda ya tilasta mini, ni na so shi, so irin na wauta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Aikin ya koya mini cewa ba ciwo kaɗai ke kashe mutanenmu ba, har da rashin mai tsara aiki, wanda zai san yaushe magani zai ƙare kuma wa zai sayo shi. Shi ya sa na ƙudura sai na karanci tafiyar da asibiti a makarantar koyon kasuwanci. Biyu na duba. Ta Sakkwato kusa take, Asabar da Lahadi ake zuwa, amma karatunta na banki da kamfani ne, babu ruwanta da asibiti. Ta Legas kuwa tana da sashen lafiya sukutum, kuma wata gidauniya ta ware gurbi ɗaya tak na kyauta ga ma'aikatan lafiyar yankinmu.

Ni na nuna masa sanarwar. Ni na matsa masa ya nema, tunda kullum mafarkinsa ya buɗe reshen kemis a Dogon Daji. Da aka kira mu biyun intabiyu, dariya muka yi ta yi.

"Duk wanda yas samu, mu anka ba," in ji shi.

Muka riƙa gwaji a zaure, shi ne mai tambaya. Wata la'asar ya gyara murya ya ce, "Malama, mi yas sa kike son karatun ga?"

Sai na ba shi abin da ban taɓa ba kowa cikakke ba. Ranar da mahaifiyata ta haihu jini ya ɓalle mata. Ungozomar ta san aikinta sarai. Ta buɗe firij ta ɗauko allurar tsayar da jini, ta tarar firij ɗin ya daɗe a mace, don babu wanda ya tuna ya sayo gas ɗin da yake aiki da shi. Allurar ta lalace. A motar aro, kan hanyar Tambuwal, mahaifiyata ta matse hannuna ta ce, "Naja, kin rufe kaji?" Ba ta sake magana ba.

Na yi kuka ranar, ya share mini hawaye da hannun rigarsa.

"Sake faɗa min, rabin raina. Daga wajen firij."

Na sake. Na ɗauka so ne.

Ranar intabiyu muka zo Tambuwal, saboda sabis ɗin ƙauyenmu ba ya ɗaukar bidiyo. Shi ya fara shiga ɗakin cikin shagon kemis ɗinsa da ke can, ni ina waje ina yi masa addu'a. Da layi ya zo kaina na zauna gaban kwamfuta, tambayar nan ta zo, na fara. Ina isowa wajen kaji, wata mata mai tabarau cikin masu tambayar ta ɗaga hannu. Ta ce labarin nan sun ji shi ɗazu, har kajin, daga bakin ɗan garinmu, kuma ya ce mahaifiyarsa ce. Za su kira mu tare ranar Alhamis. Wanda ya yi ƙarya zai fita, in kuma gaskiya ba ta fito ba, mu duka mun fita.

Daga nan na fito na same shi a bayan kantar kemis.

"Tambayar ta zo, kaina ya ƙulle," ya ce a hankali. "Ni ba ni da labari, Naja. Mi zan ce musu? Kuɗi nika so? Kuma ai innata ce ni ma..."

"Ka ce uwarka ta mutu! Inna Batula na gida tana ɓarar gyaɗa!"

"Magana ce kawai."

"Kajin ma magana ce?"

Ya ci gaba da jera kwalabensa.

Na hau mota zuwa Kebbe, ina jiran in ga yadda Inna za ta tsine wa wannan aiki. Na same ta a tsakar gida, na zayyana mata komai. Ta ƙarasa ɓare gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ɗago.

"Sun yarda da shi?"

"Inna... cewa yay yi kin mutu."

"Na ji. In mutuwata za ta kai shi Legas, to na mutu."

"Uwata fa, Inna?"

"Yayata ce kafin ta zama uwarki. Ni na wanke ta." Ta ture tiren gyaɗa gefe. "In kin tona shi, wa zai ƙara sayen magani hannun maƙaryaci daga nan har Sakkwato? Ke kina da aikinki, ga makarantar Sakkwato nan kusa. Ɗiyata, tun da nid ɗauke ki ban taɓa roƙonki komai ba."

Sai ta sauko daga kujera ta kama ƙafafuna. Matar da ta yi mini kitso, ta kwana kaina lokacin baƙon dauro, ta hana ɗanta nama ta ba ni. Na yi ta ja da baya ina cewa ta tashi don Allah, ta ƙi. A ranar na tsane ta, kuma ban daina sonta ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Ranar Alhamis ta biyo mu Tambuwal. Ta zauna a benci bayan kwamfuta inda kyamara ba ta kai ba, carbi a hannu. Muka zauna ni da shi kafaɗa da kafaɗa, kamar masu ɗaukar hoton biki.

Mai tabarau ta ce tambaya ɗaya ce: mahaifiyar wa ce?

Na ɗaga ido na kalli Inna. Hancin uwata, goshin uwata, har ɗan tsagen nan na kunci.

"Tasa ce," na ce. "Ni a bakinsa na ji."

Matar ta cire tabarau. Ta ce wadda za ta iya satar mutuwar uwar wani don ta sami gurbi bai kamata a ba ta amanar asibiti ba, kuma kada in sake nema a wurinsu. Sannan ta ba Mutawakkil haƙuri. Wallahi ya sunkuyar da kai ya share ido, na gani.

Ranar tafiyarsa muka raka shi tashar Tambuwal. Motar Sakkwato ta kusa cika, daga can zai kama ta Legas. Ya jawo ni gefen tagar motar, fuskarsa fal murna.

"In na dawo, asibitin da zan gina sunanki zan sa mai, Tawa."

Na zare zoben da ya ba ni daga yatsana na sa masa a aljihu. Sannan na durƙusa kamar yadda ake yi a gidan makoki, na ɗaga murya.

"Yaya, ban yi maka gaisuwa ba. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan mahaifiyarka."

Fasinjoji suka juyo. Wani dattijo ya ɗaga hannuwa, "Allahu akbar! Allah shi gafarta mata." Mota duka ta ɗauka da amin, har direba. Inna Batula na tsaye kusa da ɗanta, riƙe da ƙunshin ƙuli-ƙulin da ta soya masa.

"Ka ce amin mana, yaro," in ji dattijon.

Mutawakkil ya kalli uwarsa. Ya kalli mota.

"Amin," ya ce.

Ƙunshin ya faɗi daga hannun Inna. Babu wanda ya ɗauka.

Na koma ƙauye ni kaɗai, ban jira ta ba. Da magariba na kora kaji na rufe akurki, na tsuguna a wurin na ce, "Na rufe, Umma." Daga nan kuka ya ƙwace mini, don ban san ko har yanzu ina da bakin kiranta tawa ba.