Jinin Aro

Ranar da aka kafa ƙungiyar shugabannin lab, wato ɗakunan gwajin jini, na yankin, su bakwai ne kacal, a kan benci biyu ƙarƙashin dogonyaro a Bodinga. Yau in ka je taronsu sai ka rasa kujera, ga lasifika ga lemon kwalba, amma tsofaffin ciki har gobe cewa suke taro bai ƙara daɗi irin na bencin nan ba.

Zulaihatu ce mai masaukin baƙi, don ita ke riƙe da lab ɗin wani asibiti a garin. Har an yi addu'ar buɗewa sai ga wani dogon saurayi a kan babur, taɓon damina har gwiwa.

"Maniru, daga Shagari," ya ce yana haki. "A yi mini afuwa, hanya ce."

"Babu komai," in ji Zulaihatu, ta miƙa masa littafi da biro. "Mun yanke cewa wanda ya makara shi ne sakatare."

"Yaushe anka yanke?"

"Yanzun nan da ka taho."

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya karɓi biron, ya kalle ta, ya manta a wace shekara ake ciki. Sai da ta gaya masa kwanan wata sau biyu.

Babban aikin ƙungiyar shi ne duba juna. Duk wata akan raba jini ɗaya a kwalabe, a cire suna a liƙa lamba, kowane lab ya gwada nasa, a zo taro a kwatanta. Wanda sakamakonsa ya kauce ya san injinsa ko hannunsa na buƙatar gyara. Sakatare ke yawo da kular kwalaben, kuma abin mamaki, ko ta ina Maniru ya fara, a Bodinga yake ƙarewa. Wai hanya ce ta fi sauƙi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya!

A nan yake zama ya sha fura, ya ba ta labarai. Har da labarin tabon ƙafarsa: yadda ya faɗi a babur a hanyar Kajiji yana shekarar ƙarshe a makaranta, sai da aka ƙara masa jini leda biyu.

Wata rana bayan ya tafi saƙonsa ya shigo:

"Zulaina, yau na gwada zuciyata sau uku, sakamako ɗaya take ba ni. Ke ce."

Ta yi murmushi ta rubuta:

"Sakatare, doka ta hana mutum gwada kansa. A kawo Bodinga mu duba."

Sai dai ba shi kaɗai ke so ba. Akwai Badaru, mataimakin shugaban ƙungiya, ɗan Danchadi, mai mota da kamala, wanda ya yi karatun allo a gaban mahaifinta, Malam Abubakar Siddiƙ na Sifawa. Malam na ji da shi kamar ɗan cikinsa.

Su ma'aikatan lab, kafin su tambayi abincin da kake so, akwai tambayar da ke gaba: wane irin jini gare ka. Zulaihatu ta daɗe tana tsoronta. Ita AS ce, tana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma in biyu irinta suka haɗu ana iya haihuwar mai ciwon. Ƙanwarta Safiya a hannunta ta cika tana shekara tara, bayan wahalar ciwon ƙashi da ba ta son tunawa. Dalilin Safiya ta karanci aikin lab.

Ranar da ta daure ta tambaya, Maniru bai ɓoye mata ba.

"AS," ya ce a hankali. "Ni na gwada da hannuna tun muna makaranta."

Ta juya baya don kada ya ga fuskarta, amma ya ji kukan.

Duk da haka ya tura kawunsa Sifawa, ko Allah zai sa. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaron ba shi da aibu," ya ce. "Amma ni na binne ɗiya guda. Ba ni aurar da wata don ta je ta binne nata."

Wata biyar suka yi suna haɗuwa a taro kamar baƙi. "Malama Zulaihatu." "Malam Sakatare." Kular kwalabe ta koma farawa daga Bodinga, a ajiye a ƙofa a wuce. Da ya hango ta rannan a motar Badaru, bai tsaya jin cewa su huɗu ne za su taro Sakkwato ba. Ya koma gida ya rubuta takardar ajiye muƙami, ya sa a aljihu yana jiran taron wata, bai gaya wa kowa ba sai shugaban ƙungiya.

A wannan taro mai zuwa ne Zulaihatu za ta yi jawabi a kan kurakuran gwajin sikila. Da hantsi tana zaune tana tsara abin da za ta faɗa, ta rubuta: a tambayi mutum ko an ƙara masa jini cikin wata uku, don jinin wani kan fito a sakamakonsa. Sai biro ya tsaya. Ta sake karanta layin, ta ɗauki waya.

"Maniru, don Allah gaya mini gaskiya. Gwajin da ka yi wa kanka, kafin haɗarin Kajiji ne ko bayansa?"

Minti goma kamar shekara. Sannan amsa ta zo:

"Bayansa. Sati uku. Da sanda ma na shiga lab ɗin. Innalillahi! Zulai, ban taɓa maimaitawa ba."

Ka ji fa! Mutumin da ke yi wa jama'a faɗan su sake gwaji, shekara takwas yana yawo da sakamakon jinin aro, don kawai ya yarda da hannunsa.

Ya sake gwadawa a ranar, ya fito AA, wato ba ya ɗauke da ƙwayar. Amma da Zulaihatu ta kai wa Malam labari, sai ya girgiza kai.

"Ke mai gwaji, shi mai gwaji, kuma kuna son juna. Mi zai hana takarda ta faɗi abin da kuke so? Ba na ce kun yi ƙarya ba, ɗiyata. Zuciya ce ba ta da amana."

Ta san bai faɗi son rai ba.

"Baba, in ƙungiya ta gwada fa? Babu suna, sai lamba."

"Wa zai gwada?"

"Lab uku. Har da na Badaru."

Malam ya daɗe yana jan carbi. "In Badaru ya taho ya gaya mini da bakinai, na yarda."

Shugaban ƙungiya, dattijo Sama'ila, shi ya ɗebi jinin da kansa, ya cakuɗa kwalbar cikin wasu tara. Amma gari ƙarami ne, kuma Badaru ba yaro ba ne. Ya san jinin wa ke cikin kular, ya kuma san AS guda a takardarsa ta isa ta mayar da magana baya, ta buɗe masa ƙofa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga zauren Malam, ya durƙusa inda ya saba durƙusawa da allonsa. Zulaihatu na bayan ƙofa tana sauraro.

"Allah shi gafarta Malam, kwalba goma anka ba ni, na ji ƙishin-ƙishin ta Maniru ce ta bakwai. AA ce. Na maimaita sau uku."

"Sau uku? Don mi?"

Badaru ya sunkuyar da kai. "Don na so ta canza, Malam. Ba ta canza ba."

Malam ya dafa kansa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. "Allah shi yi maka albarka. Karatunka bai faɗi ƙasa ba."

Saƙon da ta tura wa Maniru gajere ne:

"Hasken idona, yaga takardar aljihunka, Baba Sama'ila ya gaya mini labarinta. Kuma ka turo kawu. Wanga karo kada ka makara."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam a Sifawa. 'Yan ƙungiya suka zo har da benci biyun nan a bayan mota, wai ba za a yi babu su ba. Badaru ne ya ɗauko ango. Malam ya yi addu'a Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai lafiya, a kan kalmar ƙarshe muryarsa ta karye, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.

Yau shekara tara ke nan. Zulaihatu ce shugabar ƙungiya, Maniru na nan sakatare, ya ce tun da muƙamin ya ba shi mata ba mai raba shi da shi. 'Yarsu ta fari Safiya aka sa mata. In an kai ta Sifawa da damina, takan fita cikin ruwan sama ta yi ta tsalle a tsakar gida, abin da mai sunan ba ta taɓa samun yi ba. Kakarta na ƙwala mata kira ta shigo kada sanyi ya kama ta, Malam kuwa na bakin zaure yana share ido da hannun riga.

"Ƙyale ta," yakan ce. "Ƙyale Safiya ta yi wasa."

Allah Ya raya ta, Ya bar iyayenta tare.