Auta da Kwamfutar da Ta Ƙi Sauri

Ranar da mai gyara ya fara shiga ɗakin karatun Baba, ya tarar da Auta ta yi tagumi gaban kwamfuta, tana kallon ɗan zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ko waiwayo ba.

"Tun yaushe kika kunna ta?"

"Na kunna, na dafa shayi, na ba Baba maganinsa, na dawo. Har yanzu tunani take."

Ya yi dariya. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Dogo ne siriri, da jaka a kafaɗa, da ɗan buroshi a aljihun gaba inda wasu ke soke biro. Shi kuwa idanu ya gani manya, waɗanda suka gaji da jira, nan take ya manta abin da ya kawo shi.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Kabad biyu cike da littattafai, fanka mai ƙugi, sai kujerar Baba a kusurwa. Baba tsohon malamin lissafi ne, idonsa ya tafi shekara guda bayan rasuwar Mama. Yayyen Auta duk sun yi aure sun watse, aka bar ta da shi da littafin da yake rubutawa a kan yadda ake koya wa yara lissafi ba tare da tsoro ba. Yana faɗa, tana bugawa. Duk wanda ya zo neman aurenta amsa ɗaya yake samu: sai littafi ya kammala. Shekara uku ke nan, babi goma sha ɗaya cikin sha biyu, kuma kwamfutar kullum ƙara nauyi take kamar da gayya.

Mai gyara ya duba, ya saurari ƙarar cikinta, sannan ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, faifan ajiyarta ne ya tsufa, ƙwaƙwalwarta kuma ta yi kaɗan. In kun yarda in buɗe, in sa sabon faifai, in ƙara ƙwaƙwalwa, in kaɗe ƙurar fankarta, za ku ɗauka sabuwa ce."

"Manhajojin nan na shara da ake talla fa?" in ji Auta. "Masu cewa danna nan ta yi gudu?"

"In faifai ya cika maƙil, share tarkace yana taimakawa, kuma kwamfutar tana da nata abin sharar a ciki. Taku ko rabi ba ta cika ba. Share gida ba ya sa tsohuwa ta yi gudu. Yawancinsu ma tare da kwamfutar suke tashi, su ƙara mata kaya."

Baba ya ɗan karkata kai kamar mai adana magana. Sannan ya ce, "Marigayiya ce ta sayi kwamfutar nan. Ba mai buɗe cikinta."

Magana ta ƙare. Abin da mai gyara ya iya yi kawai shi ne ya hana wasu manhajoji tashi da kansu. Da Baba ya fita alwala, ya ciro wani ɗan akwati baƙi ya jona.

"Ƙa'idata ce," ya ce mata. "Duk na'urar da na taɓa sai na kwafe abin da ke cikinta. Kin yarda?"

Ta yarda. Kwafin ya ci awa biyu, kuma wannan ne karon farko da jinkirin kwamfutar ya yi wa Auta daɗi.

A nan ya gano wata ɗabi'arta da ta sa ya riƙe kai. Baba yakan fusata ya ce a jefar da babi kaza, washegari ya ce a dawo da shi. Don haka Auta ta mayar da kwandon sharar kwamfuta ma'ajiya.

"Kina ajiye dukiya a bola," ya ce.

"Bolar gidanmu ce, ba mai kwashewa."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Sarauniyar masu jira, faifan nan zai iya mutuwa kowace rana. Ya kamata in riƙa zuwa duk Asabar ina sabunta kwafi. Wannan shawarar sana'a ce zalla."

Ta rubuta: "Zalla?"

"To, kashi tamanin cikin ɗari."

"Baba malamin lissafi ne, zai tambayi ina ashirin ɗin suka tafi."

"Suna wurinki."

Asabar ta zama ranar da Auta ke jira. Yana jona akwatinsa, su zauna suna hira ƙasa-ƙasa yayin da Baba ke gyangyaɗi. Wata Asabar ta ce masa wani lokacin takan ji kamar ita ce zoben nan, tana juyawa wuri ɗaya. Ƙawayenta sun daina gayyatarta ko'ina, don sun san amsar. Tana son Baba har cikin ranta, amma ɗakin ya ishe ta, kuma tana jin kunyar cewa ya ishe ta.

"Autata," ya ce, "saura babi ɗaya."

"Wata bakwai ke nan saura babi ɗaya."

Da mai gyara ya aiko da yayansa neman izinin aurenta, aka ba shi amsar da aka saba bayarwa. Baba ya ƙara da cewa shi bai ga dalilin da mai gyaran da ya kasa gyara zai riƙa sintiri a gidansa ba.

Akwai wani ɗan aminin Baba da ake kira Injiniya, ba don ya karanci komai ba, sai don ya taɓa tayar da rimot ta hanyar canza batir. Shi ma yana son Auta, irin son nan mai sanyi da bai taɓa tambayar yaushe littafi zai ƙare ba. Baba yana ji da shi. Da ya ji labarin kwamfuta sai ya naɗe hannun riga.

"Baba, ai datti ne kawai. Ba sai an buɗe komai ba."

"Yauwa, ɗan albarka. Zuba mata duk abin da ka ga dama."

Ya zuba manhajojin shara har uku, kowace da hoton roka ko tsintsiya. Suka yi ta walƙiya da jan rubutu, wai sun gano matsala dubu huɗu da ɗari biyu. Auta tana kicin lokacin da ya danna "share duka". Kuma a daren da ya gabata Baba ya yi fushin da ya fi na kullum, ya ce a jefar da littafin gaba ɗaya, ita kuwa ta jefa a inda ta saba.

Da ta dawo, kwamfutar ta ƙara nauyi, kwandon shara kuma fes.

"Yaya, me ka share?" in ji ta.

Injiniya ya fara gumi. "Ni datti na share. Ki tambayi mutumin nan da ke jona wani akwati duk mako. Wa ya san abin da ya cusa mata?"

"Kada ya sake tako gidan nan," in ji Baba.

Auta ta buɗe baki za ta ce akwai kwafi, littafi bai ɓata ba. Sai ta kalli fuskar mahaifinta. Mutumin da aikin shekara uku ya salwanta a gabansa, kafaɗunsa sun sauka, goshinsa ya saki. Ya laluba ya kamo hannunta.

"Ba komai, Auta. Sai mu fara daga farko. Ai muna da lokaci."

Rabon da ta ji muryarsa da sauƙi haka tun Mama na da rai. Sai ta haɗiye maganar. Washegari ta zauna ta buga "Babi na Ɗaya", hawaye na ɗiga a kan hannunta, Baba kuwa yana faɗa da karsashi kamar sabon malami.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Na ji abin da ya faru. Komai yana wurina, har abin da ke cikin bolarki. In kawo?"

Ba amsa.

"Autata, ko kin yarda ni na ɓata? Wallahi ko harafi ban taɓa ba."

Ba amsa. Me za ta ce? In ta ce kawo, ta ƙwace wa makaho abin da yake riƙe da shi. In ta ce bari, ta rufe wa kanta ƙofa da hannunta. Kwana tara mai gyara yana kwance sukurori yana mayarwa a ramin da ba nasu ba, yana zaton ta ɗauke shi maci amana. A na goma ta rubuto:

"Na san ba kai ba ne. Baba ya ji daɗin ɓatan littafin. Na gani a fuskarsa. Ban san yadda zan yi ba."

Ya karanta sau uku, ya ɗauki jakarsa.

Da hantsi ya yi sallama. Baba ya gane muryar, ya ɗaure fuska. Mai gyara ya durƙusa, ya ɗora ɗan akwatin a tafin hannun tsohon, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Baba, littafinku ne a ciki, babi goma sha ɗaya, ba abin da ya ɓata. Ban mayar ba, ban kuma riƙe wani kwafi ba. In kun so a mayar, in kun so ku sa a aljihu. Na kawo ne don kada a ce na riƙe abin da ba nawa ba."

Fanka ta yi ta ƙugi. Baba ya juya akwatin a hannunsa, ya shafa gefensa.

"Auta, kin san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"Kwana goma kina buga abin da kika san yana nan?"

"Na ga kun ji daɗi."

Tsohon ya juyo wajen mai gyara, ya ce:

"Yaro, ranar farko na ji ka sarai da ka ce manhajojin nan ba sa ƙara gudu. Shi ya sa na bar wancan ya zuba. Marigayiya kuwa da tana nan, ita za ta fara miƙa maka abin kwance sukurori. Babi na sha biyu yana kaina tun bara, har aya. Tsoro nake ji. Duk lokacin da abin nan ke juyawa, na san Auta tana zaune kusa da ni. Ran da ya daina, ɗakin nan zai yi shiru."

Auta ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka.

"Baba," in ji mai gyara, "shagona bai kai tafiyar minti goma daga nan ba, ɗakin da na kama yana bayansa. Ni ba ɗauke ta na zo yi ba. Kuma akwai manhaja mai karanta rubutu da murya, amma wannan tsohon faifan ba zai iya ɗaukarta ba."

Baba ya goge idonsa da bakin hannun riga. Ya miƙa wa mai gyara akwatin.

"Buɗe ta."

Awa ɗaya aka yi. Ƙurar da buroshi ya fitar ta isa a shuka wani abu a ciki. Aka cire roka da tsintsiya duka ukun, aka sa sabon faifai da ƙarin ƙwaƙwalwa, aka mayar da littafin. Auta ta danna maɓalli, ta miƙe bisa sabo za ta je ɗora shayi.

"Dawo," in ji mai gyara. "Ta tashi."

"Har ta tashi?" Baba ya tambaya, muryarsa a dushe. Ya gyara zama. "To rubuta. Babi na Goma Sha Biyu."

Kwana shida ya ci. Da ta buga aya ta ƙarshe, Baba da kansa ya ce a kira masa yayan mai gyara a waya.

Aka ɗaura aure bayan wata biyu. Injiniya ma ya zo, har ya yi tayin gyara lasifika, aka roƙe shi da girman Allah ya zauna.

Da za a tafi da amarya, ta shiga ɗakin karatu. Baba na kujerarsa, kwamfuta na karanta masa babi na uku da wata murya mai kama da ta mai mura. Ya kashe ta da kansa, ya ɗora hannu a kan Auta.

"Na ci miki shekara uku, ki yafe min. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki haƙurin da kika yi min."

"Amin, Baba. Jibi da safe zan zo, ai kun ce akwai littafi na biyu."

"Ba jibi ba," ya ce, yana ture hannunta a hankali zuwa ƙofa, inda angonta ke tsaye. "Sai kin huta. Wannan karon ni zan jira."