Bashin Kalla da Kunyar Suruki

Alƙasim ya koma Madawa da dame huɗu maimakon goma sha huɗun da aka aiko shi karɓa, irin shukan Kalla kuwa bai bar rumbu ba. Wata huɗu bayan haka aka ɗaura masa aure da Zaliha, ɗiyar Kallan. Abin ya faru ne a wani ƙauye kusa da Allakaye, bayan girbin 1933, shekara biyu da fara ta cinye gonakin Adar.

A shekarar farar ne Kalla ya ci bashin hatsi dame goma wajen Maiguwa, wani attajirin Madawa, a kan zai biya ashirin. Ya biya shida bara. Maiguwa ba ya shiga ƙauye da kansa. Yana da mutane uku masu jakuna da ke bi masa bashi gari-gari, Alƙasim ɗaya ne a cikinsu. Shi aka zaɓa a tura gidan Kalla, alhali duk Madawa an san iyayensa sun riga sun kai goron neman Zaliha.

Zaliha tana sussuka a bayan gida da hantsi ta hango shi. Bai shigo gari ba. Ya ɗaure jakuna biyar a gindin aduwa, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ko da yake ba wani babba a kusa. Ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta tafi.

"Sannu da hanya," ta ce. "Jakunan ga duka zance sunka zo?"

Bai yi dariya ba.

"Aiko ni anka yi, Zaliha."

"Na sani. Na iya ƙirga jakai."

"Na ce mishi shi aiki Habu, abokin aikina. Ya ce a'a, ni za ni. Wai tsoho ba shi iya duban surukinshi shi ce babu."

"Ashe ya san Baba."

"Ni kau... ko gaisuwa sai na duƙa bayan darni nike yi. Ƙaƙa zan tsaya gabanshi in ce bashi? Tun shekaranjiya nike bisa hanya ina neman kalmar da zan faɗi, ban samu ko guda ba."

Ta miƙa masa ƙwaryar. Ya riƙe bai sha ba.

"Akwai abin da nike tarawa na aurenmu," ya ce a hankali. "In sai hatsi kasuwa in kai mishi, in ce Baba ya biya."

"Ran da Baba ya ji haka, ba shi ƙara fita masallaci. Kuma sadakin fa, da mi za ka zo? Da kunnen jaki?" Ta dube shi, muryarta ta sauka. "Sha ruwa, abin raina. Leɓenka duk ya tsage."

Ya sha.

Kafin ta koma gida labari ya riga ta. Ta tarar da Kalla ya buɗe rumbu yana fito da dammuna yana jerawa a tsakar gida. Goma sha biyu na ci ne, su za su kai gidan zuwa damina idan an yi tsimi. A ƙarshen jerin ya ajiye biyu masu dogayen zangarniyoyi, waɗanda ya zaɓa da hannunsa kai-kai tun a gona. Iri ne mai saurin nuna da ya gada wajen ubansa, shi kaɗai ke yi a ƙasarsu mai duwatsu.

"Baba, waɗanga iri ne."

"Na ga iri ne."

"In sun tahi, mi za mu shibka?"

"Allah na nan." Bai dube ta ba. "Ki ce ma baƙon shi zagayo da jakunanshi ta baya. Ni za ni gona, kada mu gamu."

"Da an roƙe shi ya raba biyan..."

"Ni in zamna in yi ciniki da yaron da zan ba ɗiyata? In ce mishi rage mini?" Ya kakkaɓe hannunsa. "Talauci bai kai ni nan ba tukuna."

Zaliha ta tsaya tana kallon dammunan. Maza biyu ne, kowa na gudun idon ɗan'uwansa, kuma a tsakaninsu rumbu zai tashi wayam ba wanda ya ce uffan. Ta san abin da ke bin gidan da ya rasa iri. A jinginar da gona, a ɗaure tabarma, a bi hanyar Sakkwato kamar yadda gidaje shida na unguwarsu suka yi, har yau ba wanda ya dawo. Ta kuma san ba za ta iya zama a ɗakin aure a Madawa ba, tana tuƙa tuwo da ladan kwashe rumbun ubanta.

Sai ta nufi ɗakin Jima.

Jima ita ta haifi Kalla. Idanunta sun yi rauni, amma hannunta bai daina kaɗi ba. A duk gidan ita kaɗai ce ba ta jin nauyin kowa: Kalla ɗanta ne, mai neman jikarta kuwa abokin wasanta ne. Zaliha ta durƙusa ta faɗa mata yadda ta tsara. Dame huɗu yanzu. Kimar huɗu idan albasar lambunsu na fadama ta fito. Shida a girbi mai zuwa.

"Kada ki wuce huɗu, Kaka. Takwas da ganye za su kai mu, in an haɗa da abin da albasa ta rage."

"Ke za ki koya mini ciniki? Na ja da Buzaye kan gishiri tun ba a haihi ubanki ba. Kama ni mu tahi."

Aka shimfiɗa mata tabarma daidai ƙofar darni. Ta sa aka tsayar da Kalla a ciki kafin ya fita, aka kira Alƙasim ya tsuguna a waje. Darnin kara ya raba su, ba mai ganin wani. Zaliha ta zauna a bayan tsohuwar, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kai mijin banza," in ji Jima da ƙarfi, "ka zo gidan matarka da jakai biyar, ba ko goro?"

"Goron na aljihu, Kaka."

"Miƙo. To, nawa maigidan naka ka so?"

"Sha huɗu," in ji Alƙasim.

"Ya samu biyu."

"Kaka..."

"Biyu, da gaisuwa."

"In na koma da biyu, ba ni za shi ƙara aikowa ba. Habu za shi turo da mutanen mai gari. Habu kau ba shi da kaka garin ga."

Jima ta ɓare goron ta jefa a baki. Gaskiya ya faɗa, kowa a wurin ya san haka.

"Uku."

"Ko da biyar ne, in samu abin da zan aza gabanshi."

Daga cikin gida Kalla ya yi gyaran murya. "Inna, a ba shi duka a huta."

"Wa ya sa da kai? Da mijina nike magana. Wata tara na ɗauke ka, shekara biyu na goya ka, na taɓa cewa ka biya ni rana guda?"

A waje Alƙasim ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Zaliha ta taɓa bayan kakarta da yatsa huɗu.

"Huɗu yau," in ji Jima. "Albasa in ta hito, a kai mishi ta kimar huɗu, hannunka da nashi. Shida in an yi girbi. Iri kau ko Maiguwa ya zo da kanshi sai ya taka ni."

"Za shi tambaye ni wa ya tsaya ma sauran."

"To wa ya tsaya?"

"Cikin jakunan ga guda nawa ne, baƙin. Da shi nike ɗaukar kayan mutane ran kasuwa. In ɗaure shi gidanshi har albasa ta hito."

"Ashe mijin nawa na da dukiya, anka ɓoye mini."

Zaliha ba ta yi dariya ba. Ta san jakin nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Can Kalla ya yi magana, da uwarsa yake, ba da na waje ba.

"Inna, ki ce ma baƙo Allah shi yi mishi albarka."

"Ya ji. Ba kurma ba ne."

Kafin azahar aka ɗora dame huɗu a kan jakuna biyu. Kalla da kansa ya mayar da na irin cikin rumbu, ya liƙe bakin da laka. Zaliha ta raka Alƙasim har gindin aduwa, ta ƙulla masa fura a ƙyalle.

"In ya ƙi fa?" ta ce.

"In ya ƙi, in dawo in yi ban ruwan albasa tare da Baba."

"Kai da ba ka iya dubanshi?"

"Shi rijiyar gabas, ni ta yamma. Ke ki riƙa kawo muna hura, ki hwara da ni."

"Da Baba zan hwara."

"To ki daɗe wajena."

Ta gyara igiyar da ke wuyan baƙin jakin, ko da yake ba abin da ya same ta. "Ka gaida hanya, Alƙasim. Kada ka kwana daji."

A Madawa, Maiguwa ya ƙirga dammunan sau biyu, ya saurari sharaɗin har ƙarshe, ya sa aka ɗaure jakin a turken bayan gidansa. Tun daga ranar bai sake tura Alƙasim bin bashi ko'ina ba, kuma bai sallame shi ba. Dakon ran kasuwa da ka yake yinsa.

Ranar da aka kai amarya, saura kwana ashirin a cire albasar Kalla. Maiguwa bai ce ya yarda ba, bai kuma aiko kowa ba.