Fure a Bakin Inji

Rahoton ya sami Insfekta Zaleha tana kallon duwatsun garin Ipoh ta taga, hazon ruwa ya lulluɓe su. Ita dama haka take, jiki a ofis, hankali a wani gari. Abokan aiki sun daina yi mata tsiya, tunda daga can ɗin take dawowa da amsa.

"An sace bakin inji a shagon Kawu Perumal," in ji Saje. "Mun kawo ma'aikacinsa, wani dattijo baƙo ɗan tsibirin Jawa, Wagiman. In aka kai shi kotu gobe, takardar zamansa ta mutu, sai jirgi zuwa ƙasarsu."

"Bakin inji kuma?"

"Haka mai shi ya ce, ranki ya daɗe."

Shagon yana ƙamshin turaren sandal gauraye da baƙin mai. Jibi ne bikin da Tamilawa, mutanen su Perumal, ke wanke kayan aikinsu, su ɗiga musu kwaɓaɓɓen sandal, su bar su su huta. A tsakiya injin huda ƙarfe yake tsaye, ya fi mutum tsayi, da sabon koren fenti. Na mahaifin Perumal ne tun zamanin haƙar kuza.

"Da hannuna na tashe shi daga mutuwa," in ji Perumal. "Bakin kaɗai ya rage ban wanke ba, dunƙulen nan mai haƙora uku da ke damƙe tsinken huda. Na ce yau zan jiƙa shi a kananzir in kankare. Na wayi gari babu."

"An taɓa cire shi, Kawu?"

"Tun da Baba ya ɗaura shi, ko ni ban taɓa ganin cikinsa ba."

Zaleha ta sunkuya. A gindin sandar da bakin ke manne, an saƙale furen yasmin ƙwaya ɗaya da zare, bai ma gama yin yaushi ba. Ta daɗe tana kallonsa har Perumal ya yi gyaran murya.

"Kai ka sa wannan?"

"Ni? Ba a sa fure sai ranar biki."

Ta koma ofis ta tarar da Wagiman a bayan kanta, ya naɗe hularsa a hannu. Tausayinsa ya kama ta.

"Baba, ka san furen nan?"

"Ni sallata nake yi, 'yata. Fure nasu ne. Su in za su taɓa abin da suke jin nauyinsa, sai sun ba shi haƙuri tukuna."

"Wa ya shigo shagon jiya?"

Ya ƙara murɗe hularsa, yana jin nauyin kama suna. Sai da ta tuna masa jirgi sannan ya ce, "Ƙanin maigida, Murugesu. Ya ce shayi ya zo sha. Ya aike ni sayo gurasa."

Murugesu direban bas ne da ya yi ritaya, mai furfura da taushin murya. Ta same shi a ƙofar gidansa yana ba tsuntsu gero.

"Shagon Yaya? Na leƙa dai. Amma ni da ƙarfe ba ma ga-maciji, ranki ya daɗe. Rabona da taɓa injin nan tun ina ɗan firamare."

"To ka zo ka taya shi zaɓen sabo. Biki ba zai jira mu ba."

Da la'asar ruwa ya sauko a hankali a kan kwanon shagon. Zaleha ta aro bakuna uku daga wani mai kayan gwangwan, ta jera su a tebur. Perumal ya ɗauki na farko, ya yi masa kallon surukin da bai kwanta masa ba.

"Wannan na ƙasar Sin ne, mara nauyi kamar gwangwanin madara."

"Kai dai komai sai ka kushe," in ji Murugesu.

"Yi mini shiru, kai da ba ka san guduma da ludayi ba."

Ya ajiye na biyu don haƙoransa ba su haɗu daidai ba. Na uku mai nauyi ne, ya yi kama da na da. Fuskar Perumal ta saki. Ya tura shi a sandar, ya buga da tafin hannu, ya ja baya. Bakin ya zauna kamar zai zauna, sai ya sulmiyo.

Bai kai ƙasa ba. Hannun Murugesu yana ƙarƙashinsa tun kafin ya motsa.

"Ba zai kama ba, Yaya," ya ce. "Ramin na Baba ya fi wannan zurfi, kuma tsukewarsa irin ta awon Turawan da ce."

Ya taɓa jikin injin da yatsu, ya kai su idanunsa, kamar yadda ake yi wa babba a al'adarsu.

Zaleha ta matso kusa da shi.

"Kawu Murugesu, ramin nan ba a ganinsa sai an cire bakin. Yayanka ma bai taɓa gani ba. Kai yaushe ka gani?"

Murugesu ya zauna a kan benci. Bai yi musu ba. Ya buɗe jakar da ke rataye a kafaɗarsa, ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Tsohon bakin ne, baƙi ƙirin da maiko. A gefensa akwai ɗigon sandal da ya taru shekara kan shekara har ya yi tauri, kuma a samansa ga zanen babban yatsa, layi-layi.

"Yatsan Baba ne, na bikinsa na ƙarshe," ya ce. "Ka kankare masa komai, Yaya. Ka shafe inda yake jingina, ka shafe inda hannunsa ya cinye fenti. Wannan kaɗai ya rage, shi ma ka ce kananzir."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Yaushe ka taɓa saurarona?"

Perumal ya karɓi bakin da hannu biyu. Sau nawa ya kalli wurin nan yana cewa datti ne.

"Na janye ƙarar, ranki ya daɗe."

"Wannan sai a ofis, Kawu," in ji Zaleha. "Akwai dattijon da ya yini a bayan kanta, ƙaninka kuma ya sani ya yi shiru. Zai je ya faɗi gaskiya a gabansa."

Murugesu ya miƙe da kansa, kunya ta rufe shi, ya bi Saje zuwa mota.

Daga bakin ƙofa Zaleha ta waiwaya. Perumal ya ture gwangwanin kananzir gefe da ƙafa. Yana tsaye a gaban injin, ya ɗora babban yatsansa a kan na mahaifinsa, a hankali don kada ya goge.